Wankan da Zulai Ke Zuwa Yi

Zainabu dillaliya ce ta kawo mini maganar, ranar wata Alhamis da hantsi. Ta yi doguwar sallamarta, ta sauke ƙullin kaya a kan tabarmata, ta zaro wata atamfa ruwan ganye, sabuwa fil ko ninkinta ba a warware ba, ta ɗora mini a cinya.

"Malama, taɓa ki ji."

"Ba ni da kuɗin atamfa, Zainabu. Fanshon watan jiya ma bai shigo ba."

"Ai ban ce ki saya ba, taɓawa na ce ki yi. Kin san wa ya ba ni in sai da?" Ta waiga ƙofa, ko da yake ni kaɗai ke zaune a gidan. "Ɗiyar ƙanenki. Zulai, mai karatun nas. Wagga ta huɗu ke nan bana. Dubi tambarin shagon da ke jiki."

Na duba. Shagon Ɗayyabu mai yadi ne, na Ƙofar Rini.

"To sai me? Shago ne, kowa na saye."

"Saye? Da waɗanne kuɗɗi?" Ta matso har ina jin ƙamshin goron bakinta. "Malama, ni don Allah nika hwaɗa miki. Mutane na cewa wanka taka zuwa yi gidan maza. Ana sallame asuba ta shige gidan Ɗayyabu da hijabin gida. Kahin bakwai ta hito cikin hwararen kayanta, tana ƙamshin sabulu, wuyan hijabin a jiƙe."

A garinmu, idan aka ce budurwa ta fito daga gidan namiji da sassafe ta yi wanka, an gama magana. Ba a ƙara komai a kai.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi a makarantun 'yan mata, kuma aikin ya bar mini wani hali. In aji gaba ɗaya ya kawo mini amsa iri ɗaya, har da kuskure iri ɗaya, na san mutum ɗaya ne ya zauna ya yi aikin, sauran kwafa suka yi. Haka nake ɗaukar maganar unguwa. Don haka na tambaye ta wa ya gani.

"Kowa ya gani."

"Kowa ba shi da ido, Zainabu. Wa?"

"Mai shayin bakin layin. Da masu baburan kabu-kabun da ke tsayawa wurin." Ta dafa ƙirjinta. "Da ni. Shekaranjiya, da idona."

Wannan na ƙarshen ya tsaya mini. Zainabu tana ƙara wa magana gishiri, amma ban taɓa kama ta da ƙirƙiro ganin ido ba.

Bayan la'asar sai ga Lawali, ƙanena, uban Zulai. Bai zauna ba. Ya tsaya a tsakar gida da hula a karkace, ya miƙo mini wata takarda da ta sha ninki. Rasidin makarantar koyon aikin jinya ne, na kuɗin shekarar ƙarshe da na rajistar babbar jarrabawa, an biya duka.

"Yaya, tsakaninki da Allah, ke kika biya wanga?"

"Ni? Da me?"

"Na bara hwa?"

"Ban taɓa biya mata ko na littafi ba. Da ina da shi da na biya."

Ya runtse ido. Lawali hatsi yake sayarwa a tsohuwar kasuwa. Shekara biyu da suka wuce ya kwashe jarinsa kaf ya sayi gero da masara ya kulle a sito yana jiran tsada, farashi ya faɗo ya bar shi da buhuna. Tun lokacin abincin gida ma da dabara ake yi. Da kansa ya gaya wa Zulai ta haƙura da karatun, ba zai iya ba. Ita kuma ta dawo bayan sati biyu ta ce masa Goggo Malama ta ɗauki nauyi. Ya ji kunyar zuwa yi mini godiya, yana ganin kamar zan raina shi, ni kuma ban san an ara sunana ba. Shekara ɗaya da rabi muna gaisawa a kan ƙarya.

"Yau a rumhwa anka hwaɗa mini," in ji shi. "Gaban yarana. Wai ɗiyata ta samu masu biya mata. Litinin za ni makarantar, in ce musu na cire ta. Ta tahi ƙauye wurin su Kawu ta yi ta shuka shinkahwa. Gara ta zauna ba karatu."

"Saura wata huɗu ta gama, Lawali."

"Ko saura kwana huɗu."

"Ka tambaye ta?"

"Na tambaya. Ta ce wai ta yi alkawari ba ta hwaɗi. Alkawari! Da wa?"

Na ce ya ba ni zuwa Lahadi. Ya ce Lahadi da azahar, in ban zo da abin da zai shiga kansa ba, kada in ƙara sa baki. Ya karɓe rasidinsa ya fita.

Ba zan ɓoye ba, daren nan raina ya fi karkata ga Zainabu. Yarinyar da za ta iya jingina ƙarya a jikina shekara ɗaya da rabi, tana zuwa tana share mini ɗaki tana kallon idona, me kuma ba za ta iya ba? Na taɓa yin wata ɗaliba, shugabar ɗalibai, wadda na rantse a gaban shugabar makaranta a kanta, aka buɗe akwatinta aka ga abin da aka ce. Tun ranar na daina rantsuwa a kan ɗan kowa.

Da safiyar Juma'a na bi Zainabu har gida. Ina son sanin abu ɗaya: tun yaushe, kuma gidan Ɗayyabu ne kawai?

"Ina! Ai wanga na baya-bayan nan ne. Kahin shi akwai gidan Abdulshakur, can wajen Hubbare. Kahin shi kuma wani mai shinkahwa. Ba ta daɗewa. Wata guda da 'yan kwanaki ta canza gida."

"Wata guda da kwana nawa?"

"Malama, ni kalanda ce?"

"Gidan Ɗayyabu yaushe ta fara?"

Ta yi lissafi da yatsu. "Washegarin da matatai Nafisa ta haihu. Don ni na kai musu kayan jarirai, na tuna." Sai ta saki wata dariya ƙasa-ƙasa. "Ai shi ne abin. Dut gidajen nan, matan na cikin jego. Kwana arba'in mata na ɗaka tana hwama da kanta, miji shina zaune hakanan. Kin dai gane."

Na gane abin da take nufi. Amma kuma wani lissafin daban ya faɗo mini a rai, na kore shi, don bai yi kama da abin da zai yiwu ba. Wankan jego aikin tsofaffi ne. Babu gidan da zai miƙa mai jego ga budurwar da ba ta san zafin naƙuda ba, balle gidan 'yan kasuwar Ƙofar Rini masu riƙon al'ada. Na kuma san halin zuciya: in tana son mutum, ita ke ƙirƙiro masa hanyar fita. Ban yarda da nawa lissafin ba kamar yadda ban yarda da na Zainabu ba.

Na aika a kira mini Zulai. Ta zo bayan an sauko Juma'a, da farin yunifom ɗinta, ta durƙusa ta gaishe ni. Na bar ta a durƙushe, na ƙare mata kallo kamar yadda nake wa takardar jarrabawar da nake zargi. Ta rame. Idanunta sun yi ja. A bayan hannunta na dama akwai ƙananan tabo uku na ƙuna, ɗaya bai gama warkewa ba.

"Ashe ni ke biya miki makaranta."

Ta sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Goggo."

"Tunda ni ke biya, ai ya kamata in san inda nake samo kuɗin. Ko sata nake yi ban sani ba?"

"Ba haram ba ne. Wallahi ba haram ba ne."

"Me kike yi a gidan Ɗayyabu?"

Ta ƙura wa tabarma ido.

"Kina wanka a gidan?"

Ta ɗago ta dube ni. "Ina yi."

"Zulaihatu, kin san me ake faɗa a kanki? Kin san ubanki ya ɗaure akwatinki?"

"Na sani. Goggo, in na faɗa, akwai wadda abincinta zai yanke. Ta sa na dafa mata kai na yi alkawari. Ki roƙar mini Baba wata huɗu kawai."

"Wadda? Mace ce?"

Ta ga ta yi suɓutar baki, ta rufe shi gam. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo mata sunan marigayiya uwarta, ko gezau. Da za ta fita ta wuce ta gabana, a ƙarƙashin turaren da ta fesa na ji warin hayaƙin itace da ɗacin ganyen dogon yaro. Amma wa ke yawo a Sakkwato bai kwaso warin dogon yaro ba? Kuma mai ƙarya ta iya cewa "wadda" da gangan. Ni na koyar da 'yan mata, na san iyakar wayonsu ba kusa ba.

Asabar ina sallame asuba na fita. Gwiwoyina ba sa son wannan lokacin, amma na samu mai keke-napep a bakin titin Unguwar Rogo ya kai ni Ƙofar Rini. Na zauna a kan dakalin wani gida daura da na Ɗayyabu, na ja mayafi na rufe rabin fuska, kamar mai jiran a buɗe mata. Gari bai gama wayewa ba sai ga ta, cikin dogon hijabi toka-toka, da jaka a kafaɗa da wani ƙullin buhu a hannu. Ba ta yi sallama a zaure ba. Ta tura ƙofa ta shige kamar 'yar gida.

Mai shayi ya taɓa na kusa da shi, suka bi ta da ido. Ɗaya ya ce wani abu, aka yi dariya.

Na zauna ina kallon ƙofar. Ɗayyabu ya dawo daga masallaci da carbi a hannu, ya shiga. Na duba agogona. Minti goma. Minti ashirin. Hayaƙi ya fara tashi daga cikin gidan. Can wajen shida da kwata wata tsohuwa ta ɓullo daga lungu, gajera, tana jan ƙafa kaɗan, ta lulluɓe da mayafi har gwiwa, ta shiga ita ma. Mai shayi bai ko ɗaga kai ba. Tsohuwa ba abin kallo ba ce, wannan na daɗe da sani.

Na ba su wani ɗan lokaci, sannan na tashi. Ba a tambayar tsohuwa dalilin shiga gidan haihuwa. Na yi sallama, na ce na zo barka ne ko da na makara.

A tsakar gida an ɗora rabin ganga a kan murhu, ruwa na tafasa da ganye a ciki. Uwar Ɗayyabu, wata Hajiya mai jiki, tana zaune a kan darduma a ƙofar ɗakinta da jaririn a cinya. Ta karɓe ni hannu biyu ba tare da ta san ko ni wace ce ba, ta miƙo mini yaron. Na yi masa addu'a. Na tambayi mai gidan, ta ce yana ɗakinsa na zaure yana karin kumallo, ai namiji ba ya shigowa ciki lokacin wanka.

Daga makewayi, can ƙarshen gidan, tururi na tashi ta saman katanga. Sai na ji fyaɗawar jiƙaƙƙen ganye a jikin mutum, fyat, sai ƙara.

"Wayyo Inna! Zahi! Wayyo bayana!"

"Yi shiru, raguwa!" wata tsohuwar murya ta daka mata tsawa. "Haihuwa wasa ce? Juyo nan!"

Hajiya ta gyaɗa kai cike da gamsuwa. "Kin ji? Innar Mode ke nan. Ba ta wasa da ruwa. Ita ta yi mini wankan Ɗayyabu, yau shekara talatin da shidda. Yaran yanzu likita ya ce kaza, likita ya ce kaza. Na ce a gidana sai an gasa jiki, kada sanyi ya shige ta."

"Ita kaɗai ke yi, da tsufanta?"

"Da jikarta, mai kama mata ɗaukar ruwa. Yarinya mai kunya, ko sunanta ban riƙe ba."

Na miƙa mata jaririn, na ce fitsari ya matse ni, ciwon suga ba ya jira. Kafin ta ce akwai wani makewayin a waje, na kai ƙofar. Na tura kyauren langa-langa na shiga, na mayar na rufe.

Nafisa na zaune a kan turmi da aka kife, ɗaure da zane. Zulai ce tsaye a kanta, ta cire hijabi ta naɗe hannun riga, da damin ganyen dogon yaro a hannu yana ɗigar ruwa. Tsohuwar kuwa tana gefe a kan kujera 'yar tsugune, ba ta taɓa komai. Mayafinta ya zame. Hannunta na dama na kwance a cinya, yatsun a lanƙwashe, siriri kamar ba nata ba.

Su uku suka daskare. Ganyen ya tsaya a sama.

A lungu akwai bokiti ɗaya cike da tafasasshen ruwa, an ajiye shi a gindin katanga, shi ke ta aika tururi sama. Kusa da shi jarkoki biyu. Babban bahon da ake tsoma ganyen yana gaban Nafisa. Na sunkuya na tsoma hannuna a ciki har wuyan hannu.

Ɗumi ne kawai. Irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi.

Na bar hannuna a ciki fiye da yadda ya kamata. Rahma na tuna, uwar Zulai. Kwana ashirin da haihuwar autanta ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Matan gida suka ce sanyi ne ya shige ta, wankan bai yi zafi ba. Aka ƙara itace, aka ƙara kanwa a kunu. Ranar kwana talatin da ɗaya aka kai ta makwancinta. Zulai na da shekara tara, ita ke miƙa itacen. Ni ma ina tsaye a gidan, da takarduna da komai, raina bai kwanta da abin ba, amma ban buɗe baki ba.

"Lahiya, Innar Mode?" Hajiya ta ƙwala daga tsakar gida. "Na ji shiru."

Nafisa ce ta fara farfaɗowa. Ta dube ni da idon roƙo, ta buɗe baki ta kurma ihu. "Wayyo Allah! Inna za ki kashe ni!"

"Ke ad da raki!" in ji tsohuwar da ƙarfi. Zulai ta fyaɗa ganyen. Sannan tsohuwar ta sauke murya ta dube ni. "Ke kuma wace ce, da za ki hwaɗo wa mutane makewayi?"

"Goggonta ce ni. Yayar ubanta."

A tsakanin fyaɗa da ihu na ji labarin, guntu-guntu, cikin raɗa. Shekara ɗaya da rabi da suka wuce hawan jini ya kayar da Innar Mode, aka kwantar da ita a asibitin da Zulai ke koyon aiki. Ƙafa ta dawo, hannu bai dawo ba. Ɗanta Mode ya daɗe da rasuwa, wankan nan shi ne cinta da shanta. Zulai ta same ta tana kuka ranar da za a sallame ta, ita ma a satin ne ubanta ya ce ta bar makaranta. Tsohuwa na da gidaje da suna, ba hannu. Yarinya na da hannu, ba wanda zai kira ta. Suka shirya. Zulai ta riga ta zuwa ta hura wuta, ta yi wankan safe, ta watsa ruwa ta wanke hayaƙi da gumi, ta sa yunifom ta wuce asibiti. Da la'asar ta dawo a yi na yamma. Cikin abin da aka ba da na sallama, tuwo da nama da sabulu da wani abu na kuɗin na tsohuwa ne. Sauran kuɗin da atamfa na makaranta.

"Ruwan fa?" na tambaya. "Wa ya ce a sirka?"

"Wagga mai taurin kai," in ji Innar Mode. "Sharaɗin da ta kafa mini ke nan. Na ce za ki kashe mini ɗiyan mutane da sanyi. Munka yi ta hwaɗa. To ni da ba ni iya ɗaga bokiti, yaya za ni hana ta? Na zuba ido ina jiran ranar da wata za ta kumbura in ci mutuncinta." Ta taɓe baki. "Har yau ina jira."

"Kunun ma ba kanwa," Nafisa ta raɗa. "Jinina ya hau tun ina da ciki. Kullum sai ta auna ni. Wayyo! Wayyo bayana!"

Zulai ta nuna mini buhun da ta shigo da shi. A ƙarƙashin ganye akwai abin awon jini a cikin leda.

Na dubi tsohuwar. "Kin san abin da ake faɗa a kanta a gari?"

"Mi aka hwaɗi?"

"Cewa ake wanka take zuwa yi gidan maza."

"To ai wankan…" Sai ta tsaya. Na ga maganar ta isa inda za ta isa. "Wane wanka? Innalillahi! Wannan wankan?"

"Shi. Jibi ubanta zai je ya cire ta daga makaranta, ya kai ta ƙauye. Ya tambaye ta, ta ce ta yi wa wata alkawari."

Innar Mode ta fizge ganyen daga hannun Zulai da hannunta na hagu, ta tsula mata a kafaɗa. Wannan karon ihun da aka ji a tsakar gida ba na Nafisa ba ne.

"Shashasha! Sakarya! Na ce ki ruhe mini asiri, na ce ki kashe kanki? Tun yaushe kika sani?"

"Sati uku, Inna."

"Sati uku kina zuwa kina ce mini lahiya lau!" Ta ƙara ɗaga ganyen, ta fasa, ta jefar da shi cikin baho. Ta ja mayafi ta rufe mataccen hannun, ta daɗe tana gyara shi. "Malama, tahi ki hwaɗa wa ubanta. Dut ki hwaɗa mai, har hannun. In ya so ya kai kasuwa ya yi shela, Allah na nan."

"Shi kaɗai zan gaya wa."

"Don Allah kada Hajiya ta ji," in ji Nafisa. "Saura kwana tara in gama."

Na fito ina gyara zane. Hajiya ta ce ai da na tsaya an kawo kunu. Na ce wata rana. Ta ce na ga yadda ake wanka na gaskiya ko? Na ce na gani.

Ranar Lahadi ban jira azahar ba. Na samu Lawali a zaurensa shi kaɗai, akwatin Zulai na jingine a bango an ɗaure shi da igiya. Na sa ya rufe ƙofa, na sa ya yi mini alkawarin cewa rabin abin da zai ji ba zai fita daga zauren ba. Ya ce ya gaji da alkawura. Na ce to in tashi. Ya yi.

Bai katse ni ba har na gama. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya, ko da hannuna na taɓa ruwan. Na ce da hannuna. Ya tashi ya shiga cikin gida, bai yi mini rakiya ba. Washegari Litinin shi ya kwance igiyar akwatin. An ce mini da asuba ya goya ta a babur har ƙofar gidan Ɗayyabu, ya zauna a teburin mai shayi ya sha shayi har ta fito da fararen kayanta, ya wuce da ita asibiti.

Ga abin da na gaya masa. Zulai wanka take zuwa yi. Wankan jego take yi wa matan mutane safe da yamma, a madadin wata tsohuwa da hannunta ya shanye, ta wanke jikinta a can ta wuce makaranta. Da kuɗin da atamfofin ta biya shekara biyu da rajistar jarrabawa. Mata goma sha uku ta yi wa. Ruwan mai ɗumi ne, kunun ba kanwa.